Tudu, Gangare Da Kwari: Yadda Shimfiɗar Ƙasa Ke Raba Taki A Dazuzzukan Ƙasashe Masu Zafi

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa yin sassabe a gefen kurmi ya san cewa gona guda tana iya ƙunsar ƙasa iri uku. A kan tudu ƙasar takan kasance ja mai tsakuwa, a gangare ta yi fari ta yi sirara, a kwari kuma ta yi baƙi da danshi. Iri ɗaya za a shuka a rana ɗaya, ruwan sama ɗaya ne zai sauka a kansu, amma idan kaka ta yi sai a ga amfanin ya bambanta. Galibi akan ɗora laifin a kan iri ko takin zamani, alhali kuwa babban dalilin yana ƙarƙashin ƙafar mai gonar.

Manufar wannan bayani ita ce a fayyace wa jama'ar karkara, da malaman gona, da malaman daji, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da jami'an ƙananan hukumomi, yadda shimfiɗar ƙasa, wato hawa da saukarta, ke ƙayyade yawan ruɓaɓɓen takin da ke cikinta a dazuzzukan ƙasashe masu zafi. Sanin wannan al'amari yana da amfani wajen yanke shawara a kan inda za a buɗe gona, da inda za a bar wa daji, da kuma yadda za a kauce wa rigingimun da kan taso idan yashin gonar wani ya binne fadamar wani.

Mene Ne Ruɓaɓɓen Taki?

Abin da ake nufi da ruɓaɓɓen taki a nan shi ne duk wani abu da ya taɓa rayuwa sannan ya mutu ya gauraya da ƙasa: ganyaye, da rassa, da saiwoyi, da kashin dabbobi, da gawarwakin ƙwari. Gara da tana da sauran ƙananan halittu su ne ke fara daddatsa shi, daga nan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ci gaba da narkar da shi, har ya zama wani baƙin abu mai laushi da ba a iya bambanta shi da ƙasa. Fiye da rabin nauyinsa, kimanin kashi 58 cikin 100, sinadarin kabon ne, shi ya sa masana ke auna kabon idan suna son sanin yawansa.

Wannan taki yana yi wa ƙasa ayyuka da dama. Yana riƙe ruwa kamar soso. Yana haɗa ƙwayoyin ƙasa su dunƙule, ta yadda ruwan sama zai nutse maimakon ya gudu. Yana sakin naitirojin da sauran abincin tsiro a hankali. Bugu da ƙari, yumɓun da ya fi yawa a ƙasashe masu zafi tsoho ne wanda ruwa ya daɗe yana wankewa, ba shi da ƙarfin riƙe abincin tsiro sosai. Saboda haka ruɓaɓɓen takin ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki. Idan ya ƙare, ko an zuba buhunan takin zamani, kaso mai yawa zai bi ruwa ya tafi.

A daji mai yawan ruwan sama, bishiyoyi kan zubar da kimanin tan 10 na busasshen ganye da ƙananan rassa a kowace hekta cikin shekara guda. Amma saboda zafi da danshi, mafi yawan ganyen kan ruɓe kafin shekara ta zagayo. Ke nan takin da ke cikin ƙasar daji kamar rumbu ne da ake zubawa ana ɗiba a kullum. Yawan abin da ke ciki ya dogara ne a kan abin da ke shiga, da abin da ke ruɓewa ya ƙare, da abin da ruwa ke kwashewa. Shimfiɗar ƙasa tana da hannu a dukkan ukun.

Sarƙar Ƙasa Daga Tudu Zuwa Kwari

A shekarar 1935 wani masanin ƙasa ɗan Birtaniya mai suna Geoffrey Milne, wanda ke aiki a tashar bincike ta Amani a ƙasar Tanganyika, wadda a yau take cikin Tanzaniya, ya lura cewa nau'o'in ƙasa suna jeruwa ne daga kan tudu zuwa kwari bisa tsari guda, kuma tsarin yana maimaita kansa daga wannan tudu zuwa wancan. Ya raɗa wa wannan jeri suna "katena", kalmar Latin mai ma'anar sarƙa, domin kowane ɓangare yana haɗe da na sama da shi da na ƙasa da shi. A shekarar 1941 kuma wani masani mai suna Hans Jenny ya lissafa abubuwa biyar da ke samar da ƙasa: yanayi, da halittu, da shimfiɗar wuri, da irin dutsen da ƙasar ta fito daga gare shi, da kuma tsawon zamani.

Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan sarƙa, shi ya sa harshen ya tanadi sunaye irin su tudu, da jigawa, da fako, da gangare, da kwari, da fadama. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne bayanin dalilai da kuma awo. Hausawa na cewa inda baki ya karkata nan yawu kan zuba. Haka ruwa yake, kuma duk inda ya nufa yakan tafi da ganye da lallausar ƙasa.

Kan tudu. Idan saman tudun shimfiɗaɗɗe ne, ruwan sama yakan nutse a inda ya sauka, ganye kuma ya ruɓe a inda ya faɗi. Iska tana shiga ƙasar sosai, shi ya sa ƙarfen da ke cikinta ke yin tsatsa ya ba ta launin ja. Ruɓewa tana sauri a nan, amma idan ƙasar tana da yumɓu, yakan kama takin ya adana shi. Idan kuwa tudun mai tsini ne ko mai marmara a kusa da sama, ƙasar takan kasance marar zurfi mai saurin bushewa.

Gangare. Nan ne ruwa ke samun gudu. Gwargwadon tsananin gangarowar da tsawonta, gwargwadon ƙarfin ruwan. Abin da yake fara ɗauka shi ne mafi sauƙin nauyi, wato ganye da baƙar ƙasar sama, ya bar tsakuwa da yashi. Ko a cikin dajin da ba a taɓa ba, ƙasar gangare tana zamewa kaɗan kaɗan, bishiyoyi suna tugewa, wani lokaci ma gefen tsauni yakan zaftare. Don haka baƙar ƙasar sama a gangare takan fi ta ko'ina sirantaka.

A nan akwai buƙatar a lura da siffar gangaren kansa. Wani gangaren mai doro ne kamar ƙwaryar da aka kife, ruwa yana watsewa daga kansa ta kowane gefe, yana rasa ƙasa ba ya samun ta wani. Wani kuma mai kwarmi ne kamar ƙwaryar da aka ajiye a buɗe, ruwa da ganye suna taruwa a tsakiyarsa. Wurare biyu da ke kusa da juna a kan tsauni ɗaya suna iya bambanta ƙwarai saboda wannan kawai.

Gindin gangare. Da zarar ƙasa ta fara daidaita, gudun ruwa sai ya ragu, ya sauke kayan da ya ɗauko. Yakan fara sauke yashi saboda nauyinsa, sannan ya wuce gaba da lallausar ƙasa. Shekara da shekaru sabuwar ƙasa tana rufe tsohuwa, don haka idan aka haƙa rami a nan ana iya samun baƙar ƙasa a zurfin da ba a samunta a gangare. Takin da aka binne haka yana daɗewa, domin iska ba ta isa gare shi sosai.

Kwari da fadama. A nan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma a damina yakan cika duk ƙofofin da iska ke bi. Halittun da ke narkar da ganye suna buƙatar iska. Idan suka rasa ta, aikinsu yakan yi sanyi, taki ya yi ta taruwa. Launin ƙasar yakan koma toka-toka ko baƙi, wani lokaci da ɗigo-ɗigon ja. Irin wannan wuri ne ke riƙe da kurmi mai tukurwa da kwakwar manja da manyan bishiyoyi a bakin rafuffukan kudancin Kaduna, da Neja, da Nasarawa, da Taraba, ko da dajin da ke kan tudu ya bushe a rani.

Ba Kullum Kwari Ke Da Rabo Mafi Tsoka Ba

Bayanin da ya gabata shi ne abin da aka fi gani, sai dai akwai wuraren da al'amarin ke juyawa. Misali sananne shi ne dajin Amazon da ke kusa da birnin Manaus a ƙasar Burazil. A can saman tuddan yumɓu ne mai yawa, kwaruruwan kuma kusan farin yashi ne zalla. Wani bincike da masanan cibiyar nazarin Amazon da ke Manaus suka wallafa a shekarar 2004 ya nuna cewa ƙasar kan tudu ta fi ta kwari yawan kabon da naitirojin, duk da cewa kwarin ya fi danshi.

Dalili shi ne yumɓu yana da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ruɓaɓɓen taki ke mannewa a jikinsu, har ƙananan halittu su kasa cin sa cikin sauƙi. Yashi kuwa ba shi da wannan riƙo. Takin da ya narke a cikinsa yakan bi ruwa ya sulale zuwa rafi. Wannan ne ya sa ruwan Kogin Negro, wanda ya ratsa ta Manaus, yake da duhu kamar baƙin shayi.

Abin lura ga manomi a nan shi ne shimfiɗar ƙasa ba ita kaɗai ke aiki ba. Tana aiki ne tare da irin ƙasar da ke wurin. A sassa da yawa na Afirka ta Yamma ma, ƙasan gangare yakan zama jigawa mai yashi wadda ba ta riƙe taki, sai an isa tsakiyar fadama sannan a sami laka. Saboda haka kada a yanke hukunci daga nesa. Gani ya kori ji, a haƙa a duba.

Inda Ruwa Ya Kwanta Shekara Dubbai

Idan kwari ya yi faɗi, kuma ruwa bai janye daga cikinsa ba ko da rani, ganye da itace ba sa ruɓewa su ƙare. Sukan taru su zama wani baƙin taɓo mai kauri wanda kusan dukkansa ragowar tsiro ne. Mafi girman irin wannan wuri a ƙasashe masu zafi yana tsakiyar kwarin Kogin Kongo, tsakanin Jamhuriyar Kongo da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Masana daga Jami'ar Leeds ta Ingila tare da takwarorinsu na Kongo sun bayyana girmansa a shekarar 2017, sannan a 2022 aka sabunta awon, aka sami faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 167,600, wato ya ninka faɗin Jihar Neja fiye da sau biyu. An ƙiyasta cewa yana ɗauke da kabon kimanin tan biliyan 29, kuma ya fara taruwa ne fiye da shekara 10,000 da suka wuce.

Abin da ya adana wannan tarin taki shi ne siffar wurin, wadda take kamar faffaɗan faranti da ke riƙe ruwan sama. Idan aka haƙa magudanai aka janye ruwan, iska za ta shiga, takin ya fara narkewa, idan ya bushe kuma ya kama wuta. Haka ya faru a Indunusiya, inda aka janye ruwa daga irin waɗannan dazuzzuka domin noma. A shekarun 1997 da 2015 gobara ta ci ƙasar kanta ta ƙarƙashi na tsawon watanni, hayaƙin ya rufe har ƙasashe maƙwabta. A 2015 kaɗai an ƙiyasta filin da ya ƙone a hekta miliyan 2.6. Fadamominmu ba su kai waɗannan kauri ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: danshi ne ke tsare takin kwari, ranar da aka busar da shi takin zai fara raguwa.

Tsawon Wuri Da Fuskar Da Tsauni Ya Kalla

Duk lokacin da mutum ya hau sama da mita 100, zafi yakan ragu da kimanin digiri 0.6 a ma'aunin Salshiyas. Ruɓewa kuma tana tafiya da zafi: idan zafi ya ragu da digiri 10, saurinta yakan ragu da kusan rabi. Shi ya sa dazuzzukan kan duwatsu suka fi na ƙasa tara taki. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, misali ne na kusa. A gandun dajin Ngel Nyaki da ke gefen tsaunin, wanda aka keɓe a shekarar 1969, sanyi da hazo suna sa ganye ya daɗe a ƙasa kafin ya narke. Haka nan manyan bishiyoyin da suka rage a can sun fi yawa ne a gangare masu tsanani da bakin rafuffuka, inda wutar daji da shanu ba sa isa cikin sauƙi. Wannan ya nuna cewa shimfiɗar ƙasa tana ƙayyade har inda dajin kansa zai tsira.

Fuskar da tsauni ya kalla ita ma tana da tasiri. A Nijeriya iskar damina tana busowa ne daga kudu maso yamma. Idan ta ci karo da tsauni sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa a wannan gefen. Wannan ne ya sa yankin Kagoro da Kafanchan, da ke gindin tsaunin Jos ta kudu maso yamma, yake samun ruwan sama mai yawa da daji mai duhu fiye da wuraren da ke bayan tsaunin. Gefen da ya kalli arewa maso gabas kuwa shi ke karɓar busasshiyar iskar hunturu. Ganyensa yakan bushe da wuri, wuta kuma ta fi saurin cin sa, don haka abin da ke komawa cikin ƙasa ya fi ƙaranci.

Abin Da Ke Faruwa Idan An Sare Daji

Muddin daji yana tsaye, bambancin da ke tsakanin tudu da gangare da kwari yana tafiya ne a hankali. Rassan bishiyoyi suna karya ƙarfin ruwan sama, ganyen da ke ƙasa yana rufe ta, saiwoyi suna ɗaure ta. Da zarar an yi sassabe an ƙone, abubuwa uku sukan faru lokaci guda: zubar ganye ta tsaya, rana ta gasa ƙasa ruɓewa ta ƙara sauri, ruwan sama kuma ya riƙa dukan ƙasar kai tsaye. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2011, wanda ya tattara awon da aka yi a ƙasashe masu zafi da dama, ya nuna cewa mayar da tsohon daji gonar hatsi yana rage kabon ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a matsakaici.

Wannan asara ba daidai take a ko'ina ba, gangare ne ya fi shan wahala. A shekarun 1970, a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, masanin ƙasa Rattan Lal ya auna zaizayar ƙasa a filaye masu gangarowar kashi 1, da 5, da 10, da 15 cikin 100. Inda aka bar ƙasar tsirara a filaye masu gangarowa sosai, asarar ta haura tan 100 a kowace hekta cikin shekara guda. Inda aka rufe ƙasar da ciyawa da kara kimanin tan 6 a hekta kuwa, zaizayar ta kusa tsayawa gaba ɗaya. Wannan masani ya karɓi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a shekarar 2020 saboda ayyukansa a kan ƙasa.

Har ila yau, ɓarnar ba ta tsayawa a gonar wanda ya sare dajin. A shekarun farko mai fadama yakan ga kamar ya ci riba, domin baƙar ƙasar maƙwabcinsa ce ke sauko masa. Amma idan ta ƙare, abin da zai biyo baya yashi ne da tsakuwa, waɗanda za su binne lakar fadamar, su cike rafi da madatsar ruwa. Ruwan da a da yake nutsewa a kan tudu ya riƙa tsattsafowa a kwari har cikin rani, yanzu zai sauko gaba ɗaya a matsayin ambaliya, rijiyoyin lambu kuma su ƙafe da wuri. Daga nan sai kwazazzabo ya buɗe ya fara cin gonaki da hanyoyi. Yawan sarar madobiya da aka yi a Taraba da maƙwabtanta a shekarun 2010, da kuma ƙona gawayi a gefen tsaunuka, suna daga cikin abubuwan da suka tsiraita gangare da dama.

Yadda Za A Gane Halin Ƙasar Gona

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da kowane manomi zai iya yi. Na farko, a haƙa rami mai zurfin kamu biyu a kan tudu, da tsakiyar gangare, da gindinsa, da kwari, a kwatanta kaurin baƙar ƙasar sama a kowanne. Na biyu, a jiƙa ƙasar a murza ta a hannu. Idan ta naɗu kamar igiya tana da yumɓu, idan ta wargaje yashi ya yi yawa. Na uku, a duba kashin tana da ƙananan ramuka, domin yawansu alama ce ta ƙasa mai rai. Na huɗu, bayan an yi ruwan sama a zaga gonar a ga inda ruwa ya bi da inda ya sauke yashi.

Sai dai a yi hattara da launi. Ba kowace baƙar ƙasa ce ke da taki mai yawa ba. Daɓaro, wato baƙar laka mai tsagewa a rani, baƙinta daga irin yumɓunta yake, kuma sau da yawa takin da ke cikinta kaɗan ne. Idan za a kai ƙasa ɗakin gwaji, kada a gauraya ta tudu da ta kwari a leda ɗaya, domin sakamakon ba zai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ɗebi kowacce daban daga zurfin santimita 20 na sama, a rubuta inda aka ɗebo ta.

Awon gangarowa ma ba shi da wuya. Idan ƙasa ta sauka da mita 1 a cikin tafiyar mita 10, gangarowarta kashi 10 cikin 100 ke nan.

Matakan Da Ya Kamata Manoma Su Ɗauka

A bar wa daji gangare mai tsanani, da kan rafi inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, da bakin rafi hagu da dama. Amfanin da za a samu a irin waɗannan wurare na 'yan shekaru ne, asarar kuwa ta 'ya'ya da jikoki ce.

A gangare mai sauƙi, a yi kunya a gicciye, kada a bi da ita daga sama zuwa ƙasa. Domin samun layin da ya daidaita, ana ɗaure sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, a gitta ta uku a tsakiya, a rataya igiya mai dutse daga sama. A tsayar da ƙafafun a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya ƙafafun su musanya wuri a sake yin alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce daidai. Duk inda aka dasa ƙafafun igiyar ta faɗa a kan wannan tsakiya, wuraren biyu tsayinsu ɗaya ne. A kan wannan layi ake jera duwatsu ko a dasa jema ko gamba, su tare ƙasar da ruwa ya ɗauko.

A daina ƙone kara da ganye bayan girbi, a bar wani kaso ya rufe ƙasa. A fi kai takin gargajiya wurare masu doro da saman gangare, inda asara ta fi yawa. Gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun shekarar 1950 ya nuna cewa filayen da ake haɗa wa kashin shanu da takin zamani sun fi riƙe ƙarfinsu a kan waɗanda ake zuba wa takin zamani kaɗai. A bar bishiyoyi masu amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da gawo a cikin gona, a riƙa sauya hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya. A fadama kuma a guji haƙa magudanai masu zurfin da za su busar da ita.

Nauyin Da Ke Kan Shugabanni Da Jami'ai

Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara domin noma da kiwo. Wannan iko yana tafe da alhaki. Kafin a amince da buɗe sabon fili, ya dace jami'in gona da malamin daji su je su ga wurin da idonsu, su auna gangarowarsa, su kuma gano waɗanda ke noma ko shan ruwa a ƙasa da shi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda su ne suka fi kowa sanin iyakokin gonaki, suna iya haɗa mutanen tudu da na fadama da makiyaya su amince a kan wuraren da ba za a sare ba, da burtalin da shanu za su bi, da lokacin da za a share layin kare wuta.

Tun da ruwa bai san iyakar gunduma ba, aikin yana buƙatar a dubi duk yankin da ke zuba ruwansa a rafi ɗaya a matsayin abu guda. A kan wannan tsari aka gina shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na shekarar 2021 da kuɗi dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Toshe kwazazzabo da siminti a ƙasa ba zai yi ƙarko ba matuƙar tudun da ke aiko masa da ruwa yana nan tsirara.

Kammalawa

A taƙaice, shimfiɗar ƙasa ita ke nuna wa ruwa hanya, ruwa kuma shi ke ɗaukar taki daga wani wuri ya kai wani, ya hanzarta ruɓewarsa ko ya jinkirta ta. Yumɓu yana adana shi, yashi yana sakin sa, sanyin kan dutse da danshin kwari suna tara shi, gangaren da aka tsiraita kuma yana zubar da shi. Baƙar ƙasa mai kaurin ɗan yatsa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta samu, amma damina ɗaya tana iya wanke ta. Don haka ana kira ga manoma da makiyaya da shugabanni da su duba hawa da saukar fili kafin a sa masa gatari, su kuma nemi shawarar malamin gona ko malamin daji na yankinsu. Rigakafi dai ya fi magani.